Tambayar da Ban Fassara wa Mama Ba

Mamata ba ta jin Turanci. Yarenmu take yi a gida, Hausa kuma a kasuwa da majami'a. Ni ce 'yarta ta fari, ni ce kuma na yi makaranta har na zama malamar firamare, don haka duk inda Turanci ya tare mata hanya ni ce bakinta, ni ce kunnenta. Malama take kirana, rabi girmamawa rabi tsokana. Sau ɗaya tak na ci amanar wannan aiki, ga shi yau na tsufa abin bai sake ni ba.

Ƙauyenmu yana wajen Kwoi, inda kowa yake noman citta. Haihuwar Mama tara, bakwai muka rayu. Ban taɓa ganin ta huta fiye da mako guda bayan haihuwa ba. Da cibiyar jariri ta faɗi sai ta ɗaura shi a baya ta koma ɗaukar kaya: itace, ruwa daga rafi, ɗanyar citta daga gona zuwa kan duwatsun da ake shanya. A lokacin ba wanda ya ɗauki wannan a bakin komai, ita kanta dariya take yi wa matan da suke kwanciya.

Abin da aka fi saninta da shi a yankinmu shi ne waƙa. Ita take ba da waƙa a zumuntar mata ta majami'a, sauran su amsa. In mai kiɗan tulu ta fara bugawa, Mama ta fito tsakiyar fili tana taka rawa tana jan baiti, ko dattawan da suka zo sujada don su yi gyangyaɗi sai sun farka. Ba ta iya karatu ba, amma labarin Littafi Mai Tsarki in ta ji shi sau ɗaya, kafin Lahadi mai zuwa ta mai da shi waƙa. Ga dariya. Dariyar Mama daga rafi ake jiyo ta.

Tun kafin in yi aure na fara lura da wasu abubuwa, na kau da kai. In dariya ta kama ta sai ta harɗe ƙafafu ta dafa bango. Ran Lahadi da safe ba ta shan kunu, ba ta shan ruwa, sai an taso daga majami'a. A bayan rumbu akwai wata igiya da take shanya tsummoki, kullum da tsohon zane a kansu don kada a gani. Ban tambaya ba. A wurinmu 'ya ba ta tambayar uwarta abin da yake ƙasan cibiya.

Na yi aure a Kafanchan, mijina yana aiki a loko, inda ake gyaran kawunan jirgin ƙasa. Shekarar da aka canza kuɗi na haifi ɗiyata ta fari, Mama ta hau mota ta zo yi mini jego. Ɗaki biyu gare mu a kwatas ɗin ma'aikata, famfo ɗaya a ƙarshen layi. Matar da ba ta taɓa hutawa ba ta hana ni ɗaga ko bokiti. Ita take ɗebo ruwa, ita take daka, ita take dafa mini faten acha da safe tana yi mini faɗa wai ban ci da yawa ba.

A ɗaki ɗaya muke kwana ni da ita da jaririya, a nan ne na daina iya kau da kai. Akwai zarni a tabarmarta. Ban ce mata komai ba. Sabulu mai ƙamshi na saya na ajiye mata, kullum kuma in fitar da tabarmar rana. Da mijina ya yi maganar wari a ɗakin na ce ai na jaririya ne. Na tabbata Mama ta ji ni, don tana bakin ƙofa tana tsince acha.

Ni ma ba lafiya lau nake ba. Tun da na haihu, in na yi atishawa sai in ji ɗigo. Da muka cika mako shida na koma asibiti a duba ni, Mama ta raka ni tana riƙe da jaririya. Ungozomar da muka samu 'yar kudu ce, ba a daɗe da turo ta ba, Hausarta ba ta wuce sannu da ina kwana ba. Doguwa ce mai saurin magana, kowa Sista yake ce mata. Da na yi ta maza na gaya mata abin da yake damuna, ko a jikinta. Ta ce mata da yawa haka suke bayan haihuwa, sai dai ba sa faɗa.

Ta yi mini bayani da tafin hannunta. Ta ce a ƙasan mara akwai tsoka shimfiɗe kamar majanyi, ita take riƙe da mafitsara da mahaifa. Ciki da naƙuda da ɗaukar kaya masu nauyi suna sa ta saki, amma tsoka ce kamar ta dantse, in ana motsa ta tana ƙarfi. Ta ce in matse kamar mai riƙe fitsari da iska a cikin mutane, in ja sama, in ƙirga biyar, in saki gaba ɗaya, in sake. Sau goma, safe da rana da yamma. Kada in riƙe numfashi, kada in matse cinyoyi. In zan yi tari ko in ɗaga wani abu, in fara matsewa tukuna. Ta ce ba aikin kwana bakwai ba ne, sai na yi watanni kafin in ga bambanci.

Mama tana zaune a benci kusa da labule. Hayaƙin gawayin jirgi bai karɓe ta ba, kwana uku ke nan tana fama da mura. Tari ya taso mata, ta harɗe ƙafafu da sauri, ta danna jaririyar a cinyarta. Sista ta dube ta, ta dube ni.

Sista ta ce in tambayi Mama haihuwarta nawa. Na tambaya, Mama ta ce tara, na mayar. Sai Sista ta ɗora hannu a kan tata marar ta ce in tambayi Mama ko fitsari yana kuɓuce mata in ta yi tari ko dariya, ko tana jin nauyi a ƙasa kamar wani abu yana son saukowa. Ta ce in gaya mata wannan motsin nata ne ita ma, ba ta makara ba, kuma in kawo ta ran Alhamis a duba ta da kyau.

Na juya wajen Mama.

Na sha gaya wa kaina cewa kunya ce irin ta 'ya da uwa. Akwai wannan, gaskiya. A yarenmu kalmomin da zan yi amfani da su ba a jin su sai a bakin masu faɗa a kasuwa. Amma ba ita kaɗai ba ce, kuma tunda na zauna rubutu gara in faɗi duka. A bayan labulen nan akwai mata a jere suna jiran layi, biyu daga cikinsu matan kwatas ɗinmu ne, ɗaya ma 'yar yarenmu. Ni malama ce, ina sa takalmi mai tsini, 'ya'yansu suna gaishe ni da rusunawa. Ban so su ji cewa uwata tana jiƙa zane ba. Kunyar Mama na ji, ba kunyar idonta ba, kunyar a san tawa ce.

Na ce da yarenmu, "Mama, tana tambaya ko tarin nan ya daɗe."

Mama ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Kwana uku."

Na gaya wa Sista da Turanci cewa ta ce ba abin da yake damunta, tari ne kawai. Sista ta yi kamar za ta ƙara magana, sai aka leƙo aka kira ta ɗakin haihuwa. Ta rubuta maganin tari ta miƙo. Mama ta ƙulle kwalbar a bakin zanenta, muka taho gida ta gefen layin dogo. Alhamis ta zo ta wuce. Bayan mako biyu ta koma ƙauye saboda tonon citta ya kusa.

Ni kuwa na riƙe abin da aka koya mini. Ina yi a layin famfo, ina yi ina kiran sunayen yara a aji, ba mai sani. Cikin wata uku zuwa huɗu ɗigon ya ɗauke, ina atishawa hankalina kwance. Kullum na ƙirga biyar ɗin nan sai fuskar Mama a kan benci ta faɗo mini, in ce ai zan gaya mata in na je hutu.

Hutu ya zo, na je, ban faɗa ba.

Shekara ta zagayo aka shirya babban taron mata na ikilisiyoyin yankinmu. Zanen zumunta na da mai duhu ne, ruwan ƙasa da baƙi. A wannan shekarar shugabannin suka zaɓi sabo, shuɗi mai haske da fararen furanni, kowa ta yaba. Ba wadda ta yi tunanin yadda irin wannan zane yake nuna jiƙa. Na lura Mama ta juya shi a hannu ta daɗe tana dubawa, amma ta ɗaura, don ba a shiga fili sai da shi.

Ina wurin, a layin malamai da matan fastoci, a inuwa. Matan ƙauyenmu suka shigo fili, Mama a gaba. Ta ba da waƙa ta farko, ta ba da ta biyu, muryarta a bushe saboda na san tun jiya ba ta sha ruwa ba. Ta uku mai rawa ce, irin wadda ake sunkuyawa a buga ƙafa a ƙasa. Ana tsakiyarta sai ta tsaya cak a rabin baiti. Ta ɗaga hannu ta nuna wata matashiya a cikin masu amshi, ita kuwa ta ɗauki waƙar ba tare da ta san dalili ba. Mama ta fara ja da baya, da baya, fuskarta tana kallon jama'a, har ta kai jikin bishiyar mangwaro ta zauna a kan saiwa.

Daga inda nake na ga bayan zanen kafin ta zauna. Na san abin da ya faru. Da mayafi a kafaɗata, taku ashirin ne tsakaninmu, amma ban tashi ba. Na zauna ina tafi tare da mutane. Tsohuwar da take buga tulu, ƙawar Mama tun suna 'yan mata, ita ta miƙa wa wata tulun, ta je ta kwance zanenta na sama ta ɗaura mata, suka zauna tare har aka watse.

Daga ranar Mama ba ta sake ba da waƙa ba. Ta ce wa fasto muryarta ta tsufa. Ta koma bencin baya kusa da ƙofa, ta riga kowa fita. Dariya ma ta rage ta, in an yi abin dariya sai ta cije leɓe ta sunkuyar da kai. Wata rana tsohuwar mai tulu ta tare ni a hanyar rafi, da irin Hausarmu ta can ta ce, "Malama, mamanka fa ya daina waƙa, ya daina dariya. Kai da ka yi makaranta, asibiti ba shi da magani ne?"

Na ce zan bincika. Ƙarya ta biyu ke nan, ko ta uku, na daina ƙirgawa.

Shekara huɗu na yi ina ɗauke da maganar. Da farko kunya ce ta hana ni, daga baya ƙaryar kanta ta tare hanya. In na koya mata yanzu, dole ta tambaye ni yaushe na sani, dole in ce tun ranar bencin nan. Sai na koma saya mata kaya. Na kai mata sabulu, na kai mata zannuwa masu duhu, har da leda ta shimfiɗa. Tana karɓa tana sa mini albarka, albarkar tana ƙona ni.

Ƙanwata ce ta warware abin ba da saninta ba. Ta haihu a ƙauye lokacin rani, na je dubiya. Muna ɗaki mu biyu ta raɗa mini cewa tun da ta haihu ba ta iya riƙe fitsari. Ita ƙanwa ce, bakina bai yi nauyi ba. Na koya mata tsaf kamar yadda Sista ta koya mini, har da majanyin, har da ƙirga biyar. Ban san Mama ta dawo daga gona ba. Da na fito na same ta a bakin ƙofa, kwandon citta a gabanta, tana tsagawa da wuƙa.

Ta ce in zauna in taya ta. Na ɗauki wuƙa. Mun yi kusan rabin kwando kafin ta yi magana, idonta a kan aikin.

"Malama, abin da kika koya wa ƙanwarki, a wajen doguwar matar nan ta Kafanchan kika samo?"

Na ce e.

"Ranar da na riƙe miki jaririya?"

Na ce e, Mama.

Ta ce, "Na san ba maganar tari ta yi ba. Mai maganar tari ƙirji take dafawa. Ita mara ta dafa, tana kallona."

Na ce to me ya sa ba ta tambaye ni ba duk shekarun nan.

Ta ajiye wuƙar. Ta ce, "Na ga fuskarki ta canza. Na ɗauka cewa ta yi abin nan nawa ba shi da magani, ke kuma kika ji tausayina kika ɓoye mini. Na ce yarinyar nan tana da hankali, ba ta so ta karya mini zuciya a gaban mutane. Shi ya sa da fasto ya ce a kai ni asibiti na ƙi. Na ce masa an riga an duba ni a Kafanchan, 'yata ta ji da kunnenta."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Shekara huɗu tana gode mini a zuciyarta. Zan iya barinta a haka, kuma wallahi na yi tunanin in bar ta. Amma na ce, "Ba haka ta ce ba, Mama. Cewa ta yi ba ki makara ba. Cewa ta yi in kawo ki ran Alhamis. Ni ce na ji kunyar matan da suke bayan labule."

Ta ɗauki wuƙar ta ci gaba da tsaga citta, ni ina kuka ina share hawaye da hannun da ya taɓa citta, idona yana ƙara yaji. Sai da kwandon ya ƙare ta kakkaɓe zanenta ta ce, "To, koya mini. Ki faɗa da sunansa, ba ni da lokacin kewaye-kewaye."

Na koya mata a wurin, da kalmomin nan da nake gudu. Ba abin da ya faru, sama ba ta faɗo ba. Maganar duka ba ta kai tsawon dahuwar kunu ba.

Ta riƙe motsin fiye da yadda na riƙe. Ba ta son ƙirga, sai ta riƙa yi da bugun tulu a zuciyarta. Bayan wasu watanni ta samu sauƙi, tana iya shan kunu ran Lahadi, tana iya dariya in tana zaune. Ita ce ma ta tara matan zumunta a bayan majami'a ta koya musu, ba kunya ba tsoro, aka ce mini fiye da rabinsu sun ce su ma haka suke fama. Amma rawa ba ta dawo ba. A cikin shekarun nan huɗu ta ci gaba da ɗaukar kaya, mahaifa ta riga ta sauko, motsi kaɗai ba zai mai da ita ba. Matashiyar nan da ta nuna a wajen taro kuma ta zauna daram a wurin ba da waƙa, Mama ta ce ba za ta ƙwace wa yarinya ba. Shuɗin zanen ta ba ni, a ninke, ta ce sabo ne, sau ɗaya aka ɗaura.

Saboda saukowar mahaifar na kawo ta Kafanchan, asibitin nan dai. An daɗe da canza wa Sista wurin aiki. Likita muka gani, shi ma baƙo ne, ba ya jin Hausa. Ya duba ta, ya ce akwai wani zobe na roba da ake sawa ya tallafi mahaifa, zai taimaka mata. Ya juyo wajena ya ce in yi mata bayani, in kuma tambaye ta ko ta yarda.

Na gyara zama, na buɗe baki. A wannan karon na shirya in faɗi kowace kalma. Mama ta ɗora hannunta a gwiwata, a hankali, ba fushi a fuskarta. A bakin ƙofa akwai wata mata mai share ɗakunan asibiti, da tsintsiya a hannu, ɗazu mun ji ta tana Turancin kasuwa da wani majinyaci. Mama ta yafito ta, ta ce mata da Hausa, "'Yar'uwa, don Allah zo ki gaya mini abin da mutumin nan yake faɗa."

Matar ta jingine tsintsiyarta ta shigo. Na matsa mata a benci.